Kurakuran da Ake Yi Wajen Maganin Ƙurajen Fuska a Zafin Sudan

Ƙurajen fuska ba daga ƙazanta suke fitowa ba, kuma rashin sanin haka ne ke jawo yawancin ɓarnar da matasanmu ke yi wa fatarsu, daga Mai Wurno har Gadarif da Omdurman. Idan mutum ya kai shekarun balaga, sinadaran jikinsa kan sa fata ta riƙa fitar da maiƙo fiye da da. Maiƙon sai ya haɗu da matacciyar fata su toshe ramin gashi, wata ƙwayar cuta da dama can take zaune a fata ta samu wurin hayayyafa, daga nan wurin ya kumbura ya tara mugunya. Kusan kashi 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 sukan gamu da su, masu tsafta da marasa ita.

Wanda ya ɗauka datti ne matsalarsa zai duƙufa wanke fuska sau biyar ko shida a yini da sabulu mai kaifi da soso, musamman a watan Mayu lokacin da zafin Khartum ke haura digiri 40, ko bayan guguwar ƙura ta wuce. Fata kuwa ba ta son haka, domin gurzawa tana yaye mata kariyarta, ta bushe, ta yi ja, ƙurajen su ƙara fushi. Wanke fuska sau biyu da sabulu mai laushi, safe da dare, da tafin hannu kawai, ya wadatar, sai a ƙara ɗaya idan an yi gumi sosai. Ruwan alwala ba ya cikin wannan lissafi, tunda babu sabulu babu dirza a cikinsa. Dilka ma tana da gurbinta a jiki, amma ba a kan fuskar da ke da ɗanyun ƙuraje ba, domin gari mai kaushi yana fasa su ne kawai.

Matse ƙurji shi ne abin da hannu ke wahalar bari. Matsawar tana tura mugunya can ƙasan fata, kuma a baƙar fata irin tamu kowane kumburi kan bar baƙin tabo da zai iya kai watanni kafin ya dushe, alhali ƙurjin kansa da an ƙyale shi kwanaki kaɗan zai yi. Haka nan dabarun da ake ba wa juna a gida, irin su ɗiga ruwan lemun tsami, ko shafa man goge baki, ko ɗora dakakkiyar tafarnuwa. Tafarnuwa tana ƙona fata sosai, lemun tsami kuma idan rana ta doke shi a fuska yakan bar tabon da ya fi na farko duhu. Kasancewar abu daga gona ko madafa ya fito ba ya sa ya zama marar lahani. Abin da tabo yake bukata shi ne inuwa da man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama da haka, wanda ba shi da maiƙo.

Daga tabon nan ne ake faɗawa kuskuren da ya fi kowanne ciwo a raina, wato haɗe-haɗen man bilicin da ake aunawa da cokali a zuba a ɗan kwano marar suna, marar takarda. Da yawa daga cikinsu na ɗauke da magunguna masu ƙarfi irin su klobetasol da betametason, waɗanda likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta, wasu kuma da sinadarin haska fata mai suna haidurokwinon ko zaiba. A makon farko fuska takan yi fes, yarinya ta yi murna, ƙawaye su tambaye ta sirrin. Bayan wani lokaci sai ƙananan ƙuraje masu kama ɗaya su feso a kumatu da goshi, fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, idan kuma yarinyar ta daina shafawa sai fuskar ta yi ja ta kama zafi, dole ta koma. Haidurokwinon idan aka daɗe ana shafa shi yakan mayar da kumatu baƙi ƙirin, zaiba kuma tana cutar da ƙoda. Uwa ko yayar da ke shirya amarya ta yi wa Allah ta duba abin da ake shafa mata. Wadda ta daɗe a kan irin wannan mai kuma ta nemi likita ya nuna mata yadda za ta janye a hankali.

Idan ƙurajen sun taru a goshi da gefen kunne, a fara zargin man gashi. Karkar da man riɗi suna gangarowa da gumi su toshe fata, ɗankwali da rigar matashin kai kuma su riƙe maiƙon su mayar da shi fuska kowane dare. A shafa man nesa da bakin goshi, a kuma yawaita wanke ɗankwali da rigar matashin.

Batun abinci an fi ɗora laifi a kan gyaɗa da soye-soye, amma abin da bincike ya fi nunawa shi ne sukari da duk abin da ke saurin ɗaga shi a jini: shayi mai cokali uku sau da yawa a yini, lemun kwalba, farin burodi da zalabiya. Madara ma tana tsananta wa wasu. Ful, wake, adas da ganye sun fi sauƙi ga fata, kuma rage sukari a shayi da zoɓo ya fi a haramta wa kai abinci goma. Rashin barci da damuwa su ma suna tayar da ƙuraje, abin da ɗalibai kan gani a lokacin jarrabawa.

Sai gaggawa. Duk wani magani na gaskiya, ko sabulu mai salisilik asid ko man benzoyil feroksaid mai ƙarfin kashi 2.5 cikin 100, yana bukatar mako 6 zuwa 8 kafin a ga canji, kuma mai sauya magani duk mako ba zai taɓa sanin wanda ya yi masa aiki ba. Idan wata uku suka wuce babu sauƙi, ko ƙurajen manya ne masu zurfi da ciwo da ke barin rami a fata, gyaran abinci da wanka ba za su isa ba, sai likitan fata. Macen da ƙurajenta suka zo tare da rikicewar al'ada da gashi a haɓa ta je a duba sinadaran jikinta. Mai ciki ko mai neman ciki kuma ta faɗa wa likita tun kafin ya rubuta komai, domin maganin sha mai suna aisotiretinoyin yana nakasa jariri a ciki.