Kurakuran da aka fi yi wajen neman mitocin rediyo da manhajar kwamfuta, da yadda ake gyara su

Yawancin waɗanda ke kawo mini na'urar sikana a Nima suna cewa ta lalace, idan muka zauna muka duba sai mu tarar lafiyarta lau, abin da aka zuba mata ne bai dace da Accra ba. Sikana rediyo ce mai bin mitoci ɗaya bayan ɗaya da sauri, ta tsaya inda ta ji magana. Tun da kwamfuta ta shigo harkar an rage danna lambobi da hannu, domin yanzu manhaja ake buɗewa, a nemo mitoci daga rumbun bayanai, a tura su cikin rediyo ta waya. Sauƙin nan shi ke sa mutane su manta cewa kowane layi a cikin rumbun wani mutum ne ya rubuta shi, a wani gari, a wata rana, kuma mai yiwuwa garin ba namu ba ne, ranar ma ta daɗe da wucewa.

Kuskuren da ya fi cinye wa mutane kuɗi shi ne ɗaukar rumbun wata ƙasa a ce zai yi aiki a nan. Ɗan'uwa yana Amurka sai ya aiko da sikana ƙirar Uniden mai tsada, irin su SDS100 ko HomePatrol, waɗanda manhajarsu mai suna Sentinel ke ɗauko bayanai daga rumbun mitoci na intanet mai suna RadioReference. Rumbun da ke cikin waɗannan na'urori na Amurka da Kanada ne, shi ya sa da an kunna su suke tambayar lambar gidan waya ta can, kuma adireshin GhanaPost GPS ba zai shiga ba. Na ga wanda ya sa lambar unguwar ɗan'uwansa ta birnin New York, ya bar na'urar tana lalube har kwana uku a Maamobi ba ta ce uffan ba. Dalilin yana da tushe: Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wato ITU, ta raba duniya shiyya uku wajen rabon mitoci, Ghana tana shiyya ta ɗaya tare da sauran Afirka da Turai, nahiyar Amurka kuwa tana ta biyu. Masu rediyon sha'awa, wato masu magana da juna ta rediyo don nishaɗi, a shiyyarmu suna amfani da 144 zuwa 146 MHz, a can kuwa har 148 suke kaiwa. Tashoshin hasashen yanayi da ake samu daga 162.400 zuwa 162.550 MHz, waɗanda sikanar ke da maɓalli na musamman dominsu, nasu ne su kaɗai. Ko a matsakaicin zango tazarar tashoshinmu 9 kHz ce, tasu 10. Gyaran shi ne a kashe babban rumbun da na'urar ta zo da shi, a buɗe sabon jeri na kai a cikin manhajar, a riƙa shigar da mitocin Ghana da hannu. Majiya ta farko ita ce Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCA, wadda ke fitar da jerin gidajen rediyon FM masu izini, sai littafin bayanan jiragen sama da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Ghana ke wallafawa. Wajen neman filin jirgi a rumbu a yi amfani da haruffa huɗu na hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wato DGAA na Accra da DGSI na Kumasi, domin rumbuna da yawa ba sa gane ACC da KMS da ake gani a jikin tikiti.

Daga nan sai rashin duba ranar da aka shigar da bayani. A 2017 hukumar NCA ta binciki gidajen FM ta hukunta 131, a watan Mayun 2019 kuma aka rufe Radio Gold da Radio XYZ a Accra, daga baya suka dawo. Duk jerin da aka tattara a tsakanin waɗannan lokuta zai nuna wa mai nema abin da ba shi ne a iska ba a yau. A gajeren zango abin ya fi haka saurin sauyawa, domin gidajen rediyon ƙetare suna canza mitoci sau biyu a shekara, a Lahadin ƙarshe ta watan Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Jerin da ake saukewa, irin na EiBi, yana ɗauke da harafin A ko B tare da shekara, A na Maris zuwa Oktoba, B na Oktoba zuwa Maris. Wanda ya riƙe tsohon fayil zai yi ta neman labaran Hausa a inda aka tashi tun watanni. Wani abin lura shi ne lokaci. Rumbunan nan da agogon UTC suke rubutu, kuma mu a Ghana mun yi sa'a agogonmu daidai yake da shi duk shekara, layin Greenwich ma ta Tema ya ratsa. Sai dai kunnenmu ya saba da jin "agogon Najeriya da Nijar", saboda haka wasu kan ƙara awa ɗaya a kan abin da rumbun ya nuna, su kunna rediyo bayan an rufe shiri. Kada a ƙara komai, kada a rage.

Matsalar da ta fi ɓata mini rai, saboda ba ta nuna kanta, ita ce lalacewar lambobi a cikin fayil. Ana yawan musayar jerin mitoci a fayil na CSV, mutum ya buɗe shi da Excel don ya gyara suna ɗaya, ya adana, bai san cewa lambobin sun sauya ba. Tashar farko ta ƙananan oba-oba na PMR446 tana kan 446.00625 MHz. Idan an saita gurbin ya nuna lamba biyu kacal bayan ɗigo, abin da za a adana shi ne 446.01, kuma wannan ɗan gibin ya isa ya sa murya ta riƙa fitowa a shaƙe. Fayil da ya fito daga abokai na Lome ko Wagadugu ko Abijan yana da tasa matsalar, domin kwamfutar da aka saita da Faransanci waƙafi take sawa inda muke sa ɗigo, ta rubuta 156,800 a maimakon 156.800, sai manhajar ta ƙi karɓa ko ta raba lambar gida biyu. Haka kuma wani rumbun da kHz yake rubutu, wani da MHz, wani da Hz, alhali 15490 kHz da 15.490 MHz abu ɗaya ne. Shawarata ita ce a buɗe fayil ɗin da Notepad a dube shi da ido kafin a tura, a yi gyare-gyare a cikin manhajar rediyon kanta, a kuma tabbatar tazarar matakin da aka zaɓa ta dace, 6.25 kHz ga PMR446, 25 ko 8.33 ga jiragen sama. Jerin da ya fito daga Turai yakan rubuta sunan tasha 118.005 alhali ainihin mitar 118.000 ce, wannan tsarin lakabi ne na tazarar 8.33, ba kuskuren bugu ba ne.

Ko mita ta yi daidai, idan salon kamu bai yi daidai ba wahalar banza ce. Maganar matuƙa jirgin sama da hasumiya, daga 118 zuwa 137 MHz, da AM ake yin ta. Jiragen ruwa, daga 156 zuwa 162 MHz, da siririyar FM suke magana, kuma tasha ta 16, wato 156.800, ita ce ta kira da neman agaji. Gidajen rediyon da muke saurare kullum, daga 87.5 zuwa 108, faffaɗar FM ce. Manhajoji da yawa FM suke sawa a kowane layi idan fayil bai faɗi salo ba, sai mai sauraro ya ji jirgi yana magana kamar daga cikin rijiya. A nan dole in ja hankalin masu sayen oba-oba ƙirar Baofeng UV-5R a Circle da nufin jin jiragen sama: wannan rediyo 136 zuwa 174 da 400 zuwa 520 MHz take kamawa, kuma ba ta da AM, don haka babu manhajar da za ta sa ta yi wannan aiki. Idan kuma aka ji wata ƙara mai kama da ta injin niƙa a kan mitar da rumbu ya ce ta magana ce, galibi masu ita sun koma tsarin dijital irin su DMR, wanda tsohuwar sikana ba ta fassara shi.

Akwai ƙananan gurabe biyu da ake cikawa ba tare da an fahimce su ba. Na farko shi ne sautin CTCSS, wata siririyar ƙara daga 67.0 zuwa 254.1 Hz da ke buɗe lasifika. Idan rumbun ya ba da sautin da ba shi ba, rediyo za ta nuna alamar kamu amma ta yi gum. Mai sauraro kawai ba ya bukatarsa, ya bar gurbin fanko. Na biyu shi ne na tashar maimaita saƙo, mai karɓar magana ta sake watsa ta zuwa nesa, wadda ke da mita biyu, ta shiga da ta fita. A zangon 144 tazararsu 600 kHz ce, misali 145.000 shiga, 145.600 fita, kuma ta fita ake saurare.

Masu amfani da 'yar na'urar RTL-SDR da ake soka wa kwamfuta don ta zama rediyo, tare da manhaja irin su SDR# ko Gqrx, suna da nasu kurakuran. Masu arha daga cikin waɗannan na'urori agogon cikinsu yana karkacewa, kuma ana auna karkatar da ppm, wato kashi nawa cikin miliyan. Karkatar 50 ppm a kan 100 MHz 5 kHz ce kawai, ba za a lura da ita a gidan rediyon FM ba, amma a kan 446 MHz ta haura 22 kHz, kusan faɗin tasha biyu. Saboda haka wanda ya gwada da Marhaba FM a 99.3 ko BBC a 101.3 ya ji tas, kada ya ɗauka an gama saiti. Ya bar na'urar ta yi ɗumi na wasu mintuna, ya nemi siririyar sigina da ya tabbatar da mitarta, ya gyara ppm har ta zauna a tsakiya. Ban da wannan, Accra cike take da gidajen FM masu ƙarfi, kuma idan aka ƙure ƙarfin kamu sai su cika na'urar, a riƙa jin kiɗa a zangon jiragen sama. Na sha ganin an rubuta irin wannan inuwa a matsayin sabuwar tasha, an yaɗa a WhatsApp. Gwajinta ba wuya: a rage ƙarfin kamu, in ta ɓace farat ɗaya alhali sauran sigina suna nan, inuwa ce. Matatar da ke toshe zangon FM tana maganin abin.

Wani lokaci rumbun gaskiya ya faɗa, nisa ne ya hana. Zangon VHF, wanda mitocin jiragen sama da na ruwa ke cikinsa, kusan iya ganin ido yake tafiya. Jirgin da ke sama da mita 10,000 ana iya jin sa daga nisan kilomita 400, amma amsar hasumiya, wadda eriyarta ke kusa da ƙasa, ba lalle ta kai Madina ko Kasoa ba. Mazaunin Ashaiman zai ji jiragen ruwan Tema, na Kumasi kuwa ba zai ji ba a yawancin ranaku. Tsawon eriya ma yana da lissafi: a raba 75 da mitar a MHz, a sami tsawon a mita, wato kimanin santimita 60 ga jiragen sama, 48 ga na ruwa, 17 ga 446. Eriyar waya ce da ake samu a Zongo Lane, kuma ɗaga ta saman rufi ya fi sayen sabuwar na'ura amfani.

Wajen tura bayanai, a fara da karanto abin da ke cikin rediyon a adana shi da kwanan wata kafin a taɓa komai, manhajar CHIRP, wadda ake zuba wa oba-oba mitoci da ita, ma haka take so a yi. A yi aikin da laftof mai caji, saboda idan dumso ya faɗo ana tsakiyar rubutu ƙwaƙwalwar rediyon na iya rikicewa. Idan kwamfuta ta ƙi ganin wayar haɗi, sau da yawa guntun Prolific na jabu ne a cikinta, ko kuma ba a zaɓi mashigar COM da ta dace ba.

Kuskuren da ya fi kowanne haɗari shi ne zuba mitocin jama'a a cikin oba-oba mai iya aikawa. Danna maɓalli sau ɗaya a kan 156.800, ko da yaro ne ya yi wasa da ita, yana iya danne kiran wanda ke neman ceto a teku. A CHIRP ana sa gurbin Duplex a kan off ga duk tashar da ta sauraro ce kawai. Aikawa a iska sai da izinin NCA ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2008, kuma sashe na 18 na kundin tsarin mulkin 1992 ya kare sirrin sadarwar mutane, don haka ba na taimaka wa kowa neman mitocin jami'an tsaro, ba na kuma goyon bayan naɗar maganar wasu a yaɗa.

Ni dai fayil ɗaya nake riƙewa, kuma ba na shigar da mita cikinsa sai na ji ta da kunnena sau biyu a ranaku daban-daban. Kowane layi yana da mita, salo, unguwar da na saurara, eriyar da na yi amfani da ita, majiyar da na fara gani, da ranar ji na ƙarshe. Wadda ta yi wata shida shiru ina mayar da ita wani jeri daban, in sake gwada ta bayan sauyin Maris ko na Oktoba.