Idan kiran WhatsApp na tsinkewa a wifinku

'Yan uwa masu wifi a gida ko shago, ku gwada wannan. A shagonmu kusa da babbar kasuwar Maraɗi, da yara sun hau YouTube sai muryar abokin cinikina na Kano ta fara tsinkewa. Ashe maganin na cikin akwatin wifin.

Ku buga 192.168.1.1 ko adireshin da ke bayan akwatin a burauzar wayarku (kamar Chrome), ku nemi QoS (sashen da ke tsara abin da za a ba fifiko a intanet), ku kunna saitin da ake kira WMM. Shi ke sa murya a gaba, bidiyo na biye, saukar da manyan fayiloli a ƙarshe. Wurin rubuta gudun intanet a QoS kuma, ku auna gudun intanet ɗinku da yamma lokacin cunkoso, ku sa ƙasa da shi kaɗan. In kun zarce, aikin banza ne. Wayar maigida ku ba ta fifiko.