Kafin ka zaɓi manhajar zane, duba yadda take fitar da fayil

'Yan uwa masu zanen da za a motsa, shawarata ita ce kada kyawun burushi ya zama ma'aunin farko. Abin dubawa shi ne ko manhajar tana iya fitar da fayil ɗin PSD (nau'in fayil na Photoshop) da leyoyinsa, wato shimfiɗun zanen da ake ɗorawa ɗaya kan ɗaya, a rarrabe, da sunayensu da jerinsu yadda aka tsara su, domin manhajar motsa zane ta Live2D Cubism da shi take aiki, haka kuma takwarorinta Moho da Toon Boom Harmony suna karɓarsa. Photoshop da Clip Studio Paint da Krita duk suna fitar da shi, kuma Krita kyauta ce.

Ka gwada da ƙaramin zane tun kafin ka biya kuɗi: ka raba damtse da sangalin hannu da tafi, kowanne a leyarsa, sannan ka shigar da shi manhajar ɗaura ƙasusuwa (wadda ke sa wa zane gaɓoɓin da za a motsa shi da su, kamar Moho) ka lanƙwasa gwiwar hannun. Idan rami ya bayyana a gaɓar, to ba ka zana ɓangaren da ke ɓoye a ƙasa ba. Idan kuwa inuwa ta ɓace ko launi ya sauya, wani ado na leyar ne bai tsallako ba, sai ka haɗe shi da zanen kafin fitarwa. Wannan gwajin ya fi mini kowane talla amfani.

Wanda ke son zane da motsi a wuri guda, ya duba Grease Pencil, kayan zane da ke cikin manhajar Blender, sai dai koyonsa na buƙatar haƙuri.