Yadda Ake Dawo da Ƙyallin Adon Alminiyum na Tsohuwar A-kori-kura

Tsofaffin a-kori-kura irin su Chevrolet C10 da Ford F-100 na shekarun 1960 da 1970 suna da sandunan ado na alminiyum a gefen jiki da kewayen fitilu da gaban mota. Idan suka yi fari-fari kamar an barbaɗa toka, yawancin mutane folish suke saye su yi ta dirza, ba abin da ke canjawa. Dalili kuwa shi ne tun daga masana'anta an yi wa alminiyum ɗin wata fata mai tauri da ake kira anodayiz. Ita ce ta dusashe, kuma folish ba ya cin ta.

Ka fara da gwaji. Shafa ɗan folish na ƙarfe a wani lungu da farin tsumma. In tsumman ya yi baƙi, alminiyum ɗin tsirara yake. In bai yi ba, fatar tana nan. Mitar masu gyaran waya ma tana nunawa, domin anodayiz ba ya wuce da lantarki. Ka kuma tabbatar ba ƙarfen da ba ya tsatsa ba ne, wanda ya fi nauyi da tauri, gyaransa kuma daban ne.

Cire sandar daga jikin mota a hankali, kana sakin maƙalan bayanta ɗaya bayan ɗaya. Fizga ita ke lanƙwasa ta.

Ana cire fatar da sodar da ake haɗa sabulu da ita. Giram 20 zuwa 30 a kowace lita ta ruwa ya isa. Sodar ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan soda ba, kuma a mazubin roba. Ga doguwar sanda, bututun roba da aka toshe gindinsa ya fi dacewa. Sa safar hannu da tabarau, ka yi aikin a fili nesa da wuta, saboda haɗuwar soda da alminiyum tana fitar da iska mai kama wuta. Kada ka tsoma ka tafi wata sabga. Duba duk bayan minti ɗaya. Da zarar kumfa ta rufe sandar baki ɗaya, fatar ta tafi. In ta daɗe, sodar za ta ci ƙarfen kansa ta bar ƙananan ramuka da sai ka sha wuya kafin su ɓace. Wanke da ruwa mai yawa, ka bi da ruwan khal don kashe ragowar sodar, ka sake ɗaurayewa. Za ta fito da duhu, babu kyan gani, haka ake so.

Yanzu sai gyaran wuraren da suka lotse. Kifa sandar a kan katako mai santsi, ka daddaka daga baya da ƙaramar guduma da ɗan itacen da ka fere daidai da wurin. Bugu ƙanana masu yawa sun fi babba ɗaya, don alminiyum yana miƙewa kuma ba ya komawa. Shafa baƙar tawadar alƙalamin maka a fuskar wurin, ka bi da magagari mai laushi sau biyu ko uku: inda baƙin ya saura, nan ne bai taso ba. Sandar siririya ce sosai, yawan gogar magagari zai huda ta.

Ƙyallin gaskiya a samfefa yake, kuma nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Fara da lamba 400, ko 320 in akwai zurfafan karce, sannan 600, 800, 1000, 1500, 2000, duk da ruwa mai ɗigon sabulu. Kowace lamba aikinta share sawun wadda ta gabace ta, saboda haka ka ɗan sauya kusurwar gugar duk sanda ka canja takarda, ta yadda za ka ga ko tsohon karce ya saura. Ka tsallake lamba ɗaya, sai bayan ka gama folish layukan su bayyana. Soson ƙarfe kuwa kada ya taɓa ta, yana barin ɓurɓushin da ke tsatsa daga baya.

A injin guga, faifan auduga ɗinkakke da sabulun guga (dunƙulen maganin ƙyalli da ake gogawa a jikin faifan) mai ruwan ƙasa ake farawa, a ƙarasa da sassauƙan faifai da farin sabulu. Kowane sabulu da faifansa. Inji mai juyi 1,750 a minti ya fi aminci ga wannan aiki fiye da mai 3,450. Ɗaure sandar a kan falanki, ka taɓa ta a ƙasan tsakiyar faifan, kuma kada bakinta ya fuskanci juyin, domin faifan zai cafke ta ya murɗe ta cikin ƙiftawar ido, wani lokaci har da yatsa. Baƙin maiƙo da ke taruwa alama ce sabulu ya yi yawa. Ƙarasa da hannu da folish irin Autosol ko Mothers.

In sandar tana da baƙin layi a tsakiya, goge maiƙon tas, rufe gefuna da salatif na takarda, sannan ka fesa fenti.

Tunda fatar ta tafi, alminiyum ɗin zai riƙa dusashewa. Ko dai ka riƙa shafa masa man kare fentin mota duk bayan wata biyu zuwa uku, ko ka fesa fenti marar launi wanda zai ɗan rage ƙyallin, ko ka kai a sake masa anodayiz, wanda ya fi ƙarko kuma ya fi kusa da kamanninsa na asali. Wajen mayarwa, sa sababbin maƙalai. Tsofaffi masu tsatsa suna cin bayan sandar duk lokacin da ruwa ya kwanta tsakaninsu.