Kyamarar tsaro mai shan wuta ta wayar intanet: yadda ake gano inda wutar ta maƙale

Kyamarar PoE, wato mai karɓar wuta ta wayar intanet, waya ɗaya tak ke zuwa mata. Ta cikinta hoto ke tafiya, ta cikinta kuma wuta ke isowa daga suwic, wato akwatin mai ramuka da ake cusa wayoyin intanet, ko daga na'urar naɗar hoto, wato NVR. Don haka idan hoto ya ɗauke saboda wuta, wurare uku kawai za ka tuhuma: abin da ke ba da wutar, wayar da kawunanta biyu, sai ita kyamarar. A mafi yawan lokuta kyamarar lafiyarta ƙalau, laifin na waya ne ko na kan da aka matse mata. Kada ka yarda a sayar maka da sabuwa kafin a raba waɗannan ukun a gwada kowanne shi kaɗai.

Kafin ka ɗauko tsani

Fara daga wurin suwic. A yawancinsu kowane rami yana da fitila biyu, ɗaya ta wuta, ɗaya ta sadarwa. Idan duka biyun suna ci amma babu hoto, ba matsalar wuta ba ce, sai ka duba adireshin IP, wato lambar da ake gane kyamarar da ita a sadarwa, ko kalmar sirri. Idan ta wuta na ci, ta sadarwa a mace, wuta na isa amma ɗaya daga cikin silin cikin wayar da ke ɗaukar hoto ya yanke. Idan ta wuta na kamawa tana ɗaukewa, ko ba ta ci sam, nan aikinmu yake.

Zare wayar kyamarar da ta mutu ka sa ta a ramin wata da ke aiki, ita kuma mai aikin ka mayar da ita ramin da ka zare. Idan matsalar ta tsaya a ramin, shi ne ya ƙone. Idan ta bi wayar, sai a hau sama. A NVR mai ramukan PoE a jikinta hoton na iya komawa wani akwatin a allo bayan wannan musanya, saboda haka fitilar za ka sa wa ido.

Sauko da kyamarar, ka haɗa ta da suwic kai tsaye da gajeriyar waya mai mita ɗaya ko biyu, irin wadda aka matse wa kai tun daga kamfani. Ba ta minti biyu, domin ba nan take suke tashi ba. Rufe fuskarta da tafin hannu: mai rai za ka ji wani ɗan ƙas a cikinta yayin da ta juya zuwa ganin dare, kuma a yawancinsu za ka ga fitilun da ke kewaye da idonta sun yi ja-ja. Idan ta tashi a nan, wayar da ke cikin gini ce mai laifi. Idan ba ta tashi ba, duba jelarta, galibi akwai ramin adaftar bolt 12 kusa da na waya. Tabbatar da abin da aka rubuta a jikinta, sannan ka sa mata adafta mai bolt 12, amfiya 1 ko 2. Wadda ta farka da adafta amma ta ƙi da waya, sashen karɓar PoE ne ya ƙone a cikinta, kuma sau da yawa aikin tsawa ne. Irin wannan ba ta shara ba ce: akwai 'yar na'urar da ake sawa a ƙarshen waya ta raba wutar da hoto, ta fitar da bolt 12, kyamarar ta ci gaba da aiki a inda take.

Abu guda da ke ruɗa ma'aikatan lantarki: za ka ɗora mitar awon wuta a ramin suwic ka ga babu komai, ka ce ya mutu. Suwic mai bin ƙa'ida ba ya sakin wuta sai ya fara laluben wata alama ta om dubu 25 a jikin abin da aka haɗa masa. Idan bai same ta ba, shiru zai yi, kuma wannan ne ke hana shi ƙona kwamfutar da aka sa a ramin bisa kuskure. Gwajin rami sai da kyamara mai lafiya ko na'urar gwajin PoE.

Lokacin da take mutuwa yana tona asirin dalilin

Kyamarar da ke aiki tun safe, sai magariba ta yi ta fara ɗaukewa tana dawowa, wuta ce ba ta ishe ta ba. Da rana ƙaramar kyamara wat huɗu zuwa shida kan ishe ta, amma da fitilun ganin dare sun kama, abin da take ja na iya kusan ninkawa. Wutar ta faɗi, ta mutu, ta sake tashi, ta ga duhu, ta kunna fitilun, ta sake mutuwa, haka har gari ya waye. Za ka iya kwaikwayon daren da rana tsaka ta hanyar rufe mata fuska da ƙyalle mai kauri. Idan ta ɗauke cikin 'yan daƙiƙoƙi, ka kama bakin zaren.

Daga nan sai lissafi. Ƙa'idar PoE mai suna 802.3af ta shekarar 2003 tana ba da wat 15.4 a rami, abin da aka lamunce zai isa kyamara kuwa wat 12.95 ne. Ta 802.3at ta 2009, wadda ake kira PoE+, tana ba da wat 30, 25.5 su isa. Ta 802.3bt ta 2018 tana kai wat 60 har 90. Kyamara mai juyawa da zuƙo hoto galibi PoE+ take bukata ko sama da haka, kuma idan aka sa ta a ramin 802.3af za ta iya tashi, amma da ta fara juyi sai ta faɗi.

Abin da aka fi mantawa shi ne jimillar da suwic ɗin zai iya bayarwa gaba ɗaya. Rami takwas ba ya nufin wutar kyamara takwas. Suwic mai jimillar wat 60 da aka ɗora wa kyamarori takwas masu jan wat 10 da dare ana neman wat 80 a wurinsa, dole ya yanke wasu, kuma da yawa daga ramukan ƙarshe suke farawa. Wasu ma ba abin da kyamara ke sha suke ƙirgawa ba, wat 15.4 suke ware wa kowace da ta shigo, sai ka ga mai wat 60 ya ɗauki uku ya ƙi ta huɗu. Haɗa lambobin wat da ke jikin kyamarorinka duka, ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, ka gwada da abin da aka rubuta a ƙarƙashin suwic. Idan bai kai ba, ko ka sauya suwic, ko ka cire mafi cin wutar ka ba ta na'urar cusa wuta a cikin wayar intanet tata ita kaɗai.

Wadda ke mutuwa bayan ruwan sama, buɗe mahaɗar da ke bayanta. Za ka tarar da laima, ko kore-kore a kan ƙarafunan, wani lokacin har baƙin ƙuna, domin ruwa da bolt 48 na PoE suna cinye ƙarfe da sauri. Yanke kan, ka yanke wayar baya kaɗan har ka isa inda jan ƙarfen ke sheƙi, ka matse sabo. Murfin roban da ke zuwa a kwalin kyamara don wannan wurin aka yi shi, kuma kafin a matse kai ake zura shi. Baƙin tef ba ya maye gurbinsa, rana na narkar da ɗankonsa. Sa mahaɗar cikin akwati, ka bar wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga, ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a can.

Idan kuwa da tsakar rana duk suke ɗaukewa a watannin zafi, taɓa suwic ɗin da adaftarsa. Da yawa daga na gida digiri 40 ne iyakar da aka yi su don ita, kuma cikin silin ƙarƙashin kwano a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu ya wuce haka nesa ba kusa ba. Sauko da shi inda iska ke ratsawa, ka hure ƙurar hunturu da ta toshe masa kafofi.

Waya

Iyakar da ƙa'ida ta yarda da ita mita 100 ce. Wasu suwic suna da maɓallin ƙara zango zuwa mita 250, amma suna rage gudun sadarwa zuwa megabit 10, kuma sai da waya ta gari. In ba haka ba, a sa na'urar ƙara zango a tsakiya.

Kasuwa cike take da waya mai arha da ake kira CCA, alminiyam ne aka yi wa shafen jan ƙarfe. Tana tauye wuta fiye da ta ainihi da sama da rabi, tana karyewa a lanƙwasa, kuma inda haƙoran kai suka cije ta yana lalacewa a hankali, shi ya sa take aiki watannin farko sannan ta fara wasa. Kankare sili ɗaya da wuƙa: idan cikinsa fari ne, ita ce. Ko ka sa masa wutar laita, alminiyam zai lanƙwashe ya zube, jan ƙarfe kuwa ya yi ja ya tsaya. Ba a gyara irin wannan waya, sauya ta ake yi da waya samfurin Cat5e ko Cat6 ta jan ƙarfe zalla, mai baƙar riga ta waje idan rana za ta doke ta, ko a zura ta a bututun roba, wanda kuma ke kare ta daga ɓera.

Jeren launi a kai, a tsarin T568B, daga na ɗaya zuwa na takwas: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Kawunan biyu su zama iri ɗaya. Hoto yana bin 1, 2, 3 da 6. Wuta kuwa ya danganta da suwic: wani ta waɗannan huɗun yake turo ta, wani ta 4, 5, 7 da 8. Wannan ne dalilin da waya mai yankakken sili shuɗi ko ruwan ƙasa za ta yi aiki a wani suwic ta ƙi a wani, haka ma wayar da aka raba biyu don kyamara biyu su ci sili hurhuɗu. Na'urar gwajin waya mai fitilu takwas za ta nuna wanda ya yanke, amma a zare wayar daga suwic kafin a sa ta.

A kula da na'urorin cusa wuta marasa laluben alama. Masu bolt 24 da ake yi wa wasu eriyoyin intanet ba sa tayar da kyamarar da ke jiran 48, masu 48 kuma suna iya ƙona abin da ba a yi don su ba. 'Yan igiyoyin nan masu arha da ke tura bolt 12 ta cikin waya gajeren zango ne nasu: kyamara mai jan amfiya 1 tana asarar kusan bolt uku a mita 30.

Idan duka suka ɗauke tare

Koma wurin soket. Adaftar NVR mai PoE bolt 48 ko 52 take fitarwa, auna ta da mita, kuma kada a musanya ta da mai bolt 12 don kawai bakinsu ya yi kama. Wadda ta tsufa tana iya nuna cikakken bolt babu kaya, ta durƙushe da an ɗora mata kyamarori, saboda haka a riƙa sa su ɗaya bayan ɗaya a ga a ta nawa take faɗuwa. Idan a lokacin sauyi daga NEPA zuwa janareta abin ke faruwa, a ɗora suwic da NVR a kan UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta da batir, ko layin inbata. Wayar da ta ratsa fili zuwa ƙofar gida ko wani ginin kuma a sa mata na'urar kare tsawa ta PoE a kowane ƙarshe, a haɗa kowace da sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa, domin idan ba a haɗa ba babu inda za ta zubar da abin da ta tare.