Yadda Nake Karanta Tsohon Katalog na Kayan Wasan Yara

Wata ƙaramar motar wasa ta Matchbox ce ta jefa ni cikin wannan harka. Na rasa gane shekarar da aka ƙera ta, sai wani dattijo mai tara irin waɗannan motoci ya ce mini in daina tambayar motar, in nemi katalog ɗin kamfanin. Da na samu, na ga ashe siraran tayoyin nan masu gudu da ake kira Superfast sai a 1969 kamfanin Lesney na Ingila, mai ƙera Matchbox, ya fara saka su, bayan motar wasa ta Hot Wheels ta kamfanin Mattel ta shigo kasuwa a 1968 ta tayar musu da hankali. Tun daga ranar takardar ta fi motar daraja a wurina.

Abu na farko, ka bambance iri biyu. Akwai ƙaramin katalog mai launi da ake raba wa yara, akwai kuma na 'yan sari, wanda kamfani ke aika wa masu kantuna. Na biyun nake nema ido rufe. A ciki za ka ga lambar kowane kaya, farashin dozin, guda nawa ke cikin katan, wani lokaci har da takardar yin oda. Mai kanti kan yar da shi da zarar sabo ya fito, shi ya sa ya yi wuyar samu.

Idan babu shekara a bango, kuɗin da ke ciki zai faɗa maka. Katalog ɗin Dinky ko Corgi, masu ƙera motocin wasa a Birtaniya, da aka buga farashinsa da sule da kwabo ya riga Fabrairun 1971, lokacin da Birtaniya ta sauya tsarin kuɗinta. Adireshin Amurka mai lambar gidan waya ta alƙaluma biyar bai riga 1963 ba. In ka ga an rubuta Jamus ta Yamma a kayan Märklin, kamfanin kayan wasa na Jamus, to tsakanin 1949 da 1990 ne. Dubi ƙasan bangon baya ma, masu ɗab'i kan saka 'yan ƙananan lambobi da wata da shekara ke ɓoye a ciki.

Sai dai kar ka ɗauki hoton katalog tamkar rantsuwa. Akan zana shi ko a ɗauke shi tun kaya bai fita daga masana'anta ba, launi ya zo ya sauya. Amma inda ya yi magana da lamba, yana raba gardama: motar Aston Martin ta James Bond da Corgi ta fitar a 1965, lamba 261, ruwan zinare ce, mai ruwan azurfa, lamba 270, sai 1968.

Na taɓa sayen katalog na bogi da kuɗin na asali, kuma har yau abin yana ci mini rai. Takardar fara fat, wayar da aka ɗinke ta da ita tana ƙyalli ba ɗigon tsatsa. Yanzu kafin in biya sai na sa gilashin ƙara girma a kan hoto. Wanda aka kwafo daga tsohon bugu, ɗige-ɗigensa kan hau juna su yi wani zane kamar saƙa, ƙananan haruffa kuma su dushe. Na kan shinshina ma, tsohuwar takarda tana da ƙamshinta. Bugun maimaici ba laifi ba ne don nazari, muddin an gaya maka gaskiya.

Wajen ajiya, salatif haramun ne a wurina; gam ɗinsa yana rina takarda ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Ka wanke hannu ka shanya kafin ka buɗe. Sa kowanne a rigar roba marar asid, a kwance, nesa da rana da laima. Rubutun biro da mai kanti ya yi a gefen shafi, inda ya soke wani kaya ko ya rubuta dozin biyu, kar ka yi ƙoƙarin goge shi. Ni shafin da na fi buɗewa ke nan.