Kurakuran da aka fi yi wajen kamun kifin tirawut a kogunan Ingila da kuma dafa shi

Tirawut kifi ne da ke zama a ruwan sanyi mai gudu, irin wanda ake hango tsakuwar ƙasansa. Wanda ya saba jefa wa tarwaɗa fatsa a gida, idan zama ya kai shi Ingila ya ce zai gwada, yawancin kurakuransa daga wannan sabon suke fitowa. Tarwaɗa da ƙanshi take neman abinci a cikin ruwa mai laka, tana da juriya a ruwa da kuma a tukunya. Tirawut da ido yake farauta, ga tsoro, namansa kuma ba ya son wuta da yawa.

Kafin a je ga ruwa akwai maganar takarda. A Ingila da Wales duk wanda ya kai shekara 13 sai ya mallaki lasisin fatsa, ana saye ta intanet na kwana 1, na kwana 8 ko na shekara. Na 'yan shekara 13 zuwa 16 kyauta ne, amma dole a yi rajista. Tarar wanda aka kama babu shi tana iya kaiwa fam 2,500. Inda mutane suka fi faɗawa shi ne zaton lasisin ya buɗe musu kowane kogi. Bai buɗe ba. Kusan kowane yanki na kogi yana da mai haƙƙin kamun kifinsa, ko mai gona ko ƙungiya, sai ka sayi tikitin yini a wajensu. A koguna irin Test da Itchen na yankin Hampshire, galibin wuraren ƙudan roba kawai aka yarda a sa a ƙugiya, wanda ya zo da tana ya yi zuwan banza. Sannan ana rufe kamun tirawut mai ruwan ƙasa daga wajen Oktoba zuwa wajen Maris, lokacin da yake zuba ƙwai a tsakuwa. Ranakun sun bambanta daga yanki zuwa yanki, haka ma girman kifin da aka halatta a tafi da shi, don haka a duba dokar wurin.

Babban kuskure a bakin ruwa shi ne kifin ya riga ka gani. Tirawut kullum kansa yana fuskantar inda ruwa yake tahowa, yana jiran abin da zai kawo masa. Wanda ya biyo ruwa daga sama yana gangarowa, gaban idonsa ya shigo kai tsaye. Gyaran shi ne ka fara daga ƙasa kana haurawa, ka zo masa ta wutsiya. Ka rage tsawo, kada inuwarka ta faɗa kan ruwa, ka bar farar riga a gida. Takun ƙafa ma yana jinsa ta jikinsa, musamman a gaɓa mai taushi. Idan ka ga wani baƙin abu ya wulga ya shige ƙarƙashin saiwa, wannan gurbin ya mutu na rabin awa ko fiye, ka matsa gaba.

Sai kaya masu nauyi. Zaren da zai ja tarwaɗa mai kilo biyar, a ruwa garau kamar igiyar shanya yake a idon tirawut. Zare mai ɗaukar kilo 2 zuwa 3 ya wadatar a ƙaramin kogi, da ƙugiya lamba 10 zuwa 14 idan da tana za a yi. Lambar tana hawa, ƙugiyar tana ƙanƙancewa, sababbin shiga sukan juya lissafin. Ka jiƙa ƙulli da yawu kafin ka ja shi ya ɗaure, domin busasshen zare yana ɗaukar zafi wajen ja, kuma daidai nan yake tsinkewa. Game da nauyin da ake maƙalawa, tun 1987 an hana amfani da dalma mai nauyin da ke tsakanin giram 0.06 da giram 28.35, saboda tsuntsayen ruwa suna haɗiye ta su mutu. Shaguna suna sayar da madadinta.

Akwai kuma kuskuren da ba a cika ganewa ba, wato tafiyar abincin a cikin ruwa. Ƙwaro ko tana da ruwa ya ɗauko, da saurin ruwan take tafiya. Idan zarenka ya miƙe ruwa ya ja tsakiyarsa, tanar za ta riƙa yanka ruwa a karkace, kifin kuma ya san wannan ba daidai ba ne. Ka jefa sama da inda kake tsammaninsa da kamar mita biyu, a ɗan karkace, ka ɗaga kan sanda, kana tattara rarar zare yayin da yake dawowa gare ka. Wuraren nema su ne bayan dutse, ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya rarake, da layin kumfa inda ruwa mai sauri ya haɗu da mai sanyin tafiya. Idan ya ci, ɗaga sanda kawai ya isa. Fizga da ƙarfi ko ta yaga baki ko ta tsinke zare.

Zafin ruwa ma abin lura ne. Tirawut ya fi cin abinci tsakanin digiri 10 zuwa 16 na ma'aunin Celsius. Idan ruwa ya kai 20 iskar cikinsa ta ragu, kifin da aka wahalar aka saki yakan mutu daga baya. A tsakiyar bazara a fita da sassafe ko a haƙura. Wanda za a saki kuwa, a jiƙa hannu kafin a taɓa shi don kada a goge yauƙin da ke kare fatarsa, kada a matse cikinsa, kuma idan ya haɗiye ƙugiya can ciki a yanke zaren a bar ta.

Wanda za a ci, kada a bar shi yana birgima a kan ciyawa, kada kuma a ɗaure shi a leda a ajiye a rana, cikin 'yan awanni naman zai yi laushi ya fara ƙarni. A buge shi sau ɗaya da ƙarfi a ka, bayan idanu, a tsaga ciki daga dubura zuwa maƙogwaro, a cire hanji da jan abin numfashin da ke gefen kai. Akwai wani baƙin layin jini manne da ƙashin baya, ƙodarsa ce. A kankare shi da babban yatsa ko ƙaramin cokali, barinsa yana ɓata ɗanɗano. Daga nan sai kula mai ƙanƙara, a firji kuma kada ya wuce kwana biyu.

A kicin, ruwan zafi da alif da ake wanke tarwaɗa da su ba su da aiki a nan. Ruwan sanyi ya isa, ɓawonsa kuma ƙanana ne sosai, ba sai an kankare ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a tsane shi ƙarƙaf ciki da waje, domin jiƙaƙƙen kifi shi ne ke kama kasko fata ta saɓule. Kifi mai giram 300 zuwa 400, a barbaɗa gishiri da masoro, a ɗan birkiɗa shi a fulawa a kakkaɓe. Mai cokali biyu a kasko, wuta matsakaiciya, minti 4 zuwa 5 kowane gefe, juyi ɗaya tak. Idan ka zo juyawa ya ƙi ɗagowa, bai yi ba, ƙara masa minti ɗaya. Bota a ƙarshe ake sa shi, da wuri ƙonewa yake. Yaji ma haka, a kasko mai zafi ɗaci yake yi, gara a barbaɗa shi a faranti. Lemon tsami idan ya daɗe a jikin ɗanyen naman fiye da minti 15 yana dagargaza shi, a matsa bayan an sauke.

Idan gashi ne a oben, a naɗe shi a takardar alminiyam da yankan lemo da albasa a ciki, digiri 200, minti 15 zuwa 20. Ya nuna idan idon ya yi fari, ƙayar bayansa ta zaro cikin sauƙi, ko ma'aunin zafi ya nuna digiri 63 a wuri mafi kauri. Kada a ci shi da sauran ɗanye, kifin kogi yana iya ɗauke da tsutsa. Mai son farfesu kuwa ya dafa romonsa da kayan ƙanshi ya gama tukuna, sannan ya saka gunduwar kifin na minti 6 zuwa 8 a kan wuta kaɗan, ban da juyawa da ludayi.